An yi mata jajen saki, ba a yi mata ta'aziyyar ɓari ba: nazarin lamarin wata matashiya a Daura

Ni malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata a Daura. Wadda zan ba da labarinta tsohuwar ɗalibata ce, kuma da izininta na rubuta. Na cire suna da unguwa, na sauya wasu ƙananan abubuwa don kada a gane gidan. Zan riƙa ce mata yarinyar, ko da yake lokacin da aka kawo ta wurina shekarunta 22, ta yi aure har ta fito.

## Asali: kafin Disamba 2021

'Yar fari ce a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta yana sayar da hatsi a kasuwa, mutum ne mai kamewa, ba ya son hayaniya. Mahaifiyarta tana sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Yarinyar ta sauke Alƙur'ani tana da shekara 15, ta gama sakandare a 2019, ta kama koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwarsu.

Shekara shida ta yi a makarantarmu, ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ofishina ba, domin masu laifi ake turo mini. Ita kuwa da ita ake buga misali. Idan ƙannenta sun yi ba daidai ba, cewa ake yi su dubi yayarsu. Mahaifiyarta tana yi mata karar ɗan fari irin ta da: ba ta kama sunanta, ba ta zama hira da ita, idan za ta aike ta sai ta ce "ke". Yabon da take ji a gida duk a kan abu ɗaya yake, cewa ba ta da musu, ba ta da ƙorafi.

## Aure, ɓari da saki: Disamba 2021 zuwa Janairu 2023

An ɗaura mata aure a Disamba 2021 da ɗan abokin mahaifinta, aka kai ta cikin birnin Katsina. Ba auren dole ba ne. An tambaye ta, ta sunkuyar da kai, aka ce ta amince. Mijin ba ya duka, ba ya zagi, bai rage ta da ci ko sutura ba. Sai dai yakan yini a shago, ya yi hira a majalisa, ya shigo bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

A Agusta 2022 ta yi ɓarin ciki wata huɗu. Ta zubar da jini sosai, ta kwana biyu a asibiti. Abin da dangin miji suka ce mata shi ne, ba rabo ba ne, wani zai zo. Kwana na biyar ta koma girki. A Oktoba, bayan wani saɓani da bai kai ya kawo ba, ya miƙa mata takarda, saki ɗaya. Ta dawo Daura, ta yi idda a ɗakin ƙannenta, iddar ta cika a Janairu 2023.

A cikin waɗannan watanni ta daina zuwa Islamiyya, ta daina fita ko ƙofar gida. Abinci sai an matsa mata. Nauyinta ya sauko daga kilo 57 zuwa 48. Barcinta bai wuce awa uku ba a dare.

## Abin da gida suka gwada

Nasiha aka fara da ita. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ta yi ta zarya, tana zaunar da ita tana cewa ba kanki farau ba, ba kanki ƙarau ba, ki yi haƙuri, in da rabo zai maido ki. Maƙwabta da 'yan'uwa suka riƙa shigowa jaje. Amsarta ga kowa ɗaya ce: "To, na gode."

Da rama ta yi yawa, aka fara zargin ko sammu ne ko iska. An kira malami ya yi mata ruƙya sau uku a Nuwamba. Babu abin da ya yi magana. Ita da kanta ta gaya mini daga baya cewa karatun ya sanyaya mata zuciya, ta samu barci a daren farko da na biyu, daga nan abin ya koma yadda yake.

A Disamba ƙaninta ya je kemis ya karɓo mata ƙwayar barci da maganin buɗe ciki. Ƙwayar ta sa ta barci, amma ta riƙa makara sallar Asuba. Ga wadda ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama, wannan ya zama sabon laifi a kan tsoho. Ta fara cewa a ranta ko Allah ma fushi yake da ita.

Ƙanwar mahaifiyarta, wadda take kira Anti, ita ce ta kawo ta wurina.

## Zama biyu na farko: 9 da 16 ga Fabrairu 2023

Ofishina ƙaramin ɗaki ne kusa da ɗakin malamai, kujerun roba biyu da tebur. Ta shigo da dogon hijabi ruwan toka, ta ƙi hawa kujera, ta durƙusa a ƙasa kamar ɗalibar da aka kawo ƙara. Sai da na ɗauko tabarma muka zauna tare.

Na yi mata tambayoyin ma'aunin damuwa da ake kira PHQ-9. Tambaya tara ce a kan makonni biyu da suka wuce, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ta samu 18. Daga 15 zuwa 19 ana ɗaukarsa ciwon damuwa mai ɗan tsanani. Tambaya ta tara ita ce ta tunanin mutuwa. Ta ce: "Malama, ba zan kashe kaina ba, haramun ne. Amma in na kwanta nakan so kada in farka."

A nan ban jira ra'ayinta ba. Na gaya mata wannan magana ba zan riƙe ta ni kaɗai ba, dole likita ya gan ta, kuma Anti za ta sani. Ranar 13 ga Fabrairu suka je asibiti. Gwaji ya nuna ƙarancin jini: 9.4, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga macen da ba ta da ciki shi ne kada ya gaza giram 12 a kowace desilita. Tun bayan ɓarin ba wanda ya sake auna ta. Likita ya rubuta mata ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, ya tsara mata yadda za ta janye ƙwayar barci a hankali, ya ce idan mako shida ya wuce babu sauƙi zai tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Katsina.

Sauran abin da na yi a zaman biyun nan shawara ce tsagwaronta. Na zana mata jadawali: lokacin tashi, lokacin cin abinci, tafiyar minti ashirin a tsakar gida. Na ce ta nemi gurbin karatun NCE. Na ce saki ba ƙarshen rayuwa ba ne. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ce "Insha Allahu, Malama." A zama na biyu takardar tana nan a ninke yadda na ba ta. Makonni biyu da suka biyo baya ba ta zo ba. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, gidansu babu ko kuɗin Napep a hannu, hatsin mahaifinta ma ba ya fita. Wannan dalili gaskiya ne. Amma daga baya ta gaya mini akwai na biyu: ta ga ni ma Gwaggo ce, bambancin kawai na yi boko.

## Sauya hanya: Maris 2023

A makonnin nan biyu na koma kan abin da aka koya mana a jami'a game da hanyar mutuntawa a ilimin halayyar ɗan'adam, wadda na haddace don jarrabawa na ajiye. Hanyar ta taso a Amurka a tsakiyar ƙarni na ashirin. Abraham Maslow, ɗaya daga cikin jagororinta, ya kira ta rukuni na uku, domin kafin ita rukuni biyu ne suka mamaye fagen: mabiya Freud, masu tono abin da ke binne a zuciya tun yarinta, da irin su Skinner, masu kallon ɗabi'a a matsayin abin da lada da horo ke sarrafawa. Mutanen rukuni na uku suka ce mutum ba tarin cuta ba ne, ba kuma dabbar gwaji ba, yana da zaɓi, kuma a cikinsa akwai ƙarfin miƙewa idan ya samu yanayi.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Carl Rogers, wani jagoran wannan hanya, ya bayar na lokacin da yake aiki da yara a garin Rochester na Amurka. Ya daɗe yana ƙoƙarin nuna wa wata uwa inda ta kuskure a tarbiyyar ɗanta, abin ya ƙi, har suka haƙura suka yi sallama. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta tambaye shi ko yana karɓar manya. Ta dawo ta zauna, ta shiga zayyana baƙin cikin aurenta, abin da bai taɓa fitowa a duk bayanin da ya tattara ba. Daga nan ya fahimci cewa mai ciwo shi ya san inda ke masa ciwo. A 1957 ya rubuta sharuɗɗa shida da ya ce su ke kawo sauyi, uku daga ciki a wuyan mai sauraro suke: abin da ke bakinsa ya zama shi ne a zuciyarsa, ya karɓi mutum ba da sharaɗi ba, kuma ya yi ƙoƙarin ganin lamarin ta inda mai shi ke ganinsa, har mai shi ya ji an gane shi.

Ranar 9 ga Maris ta dawo, Anti ta biya kuɗin mota. Na ce mata: "Na yi miki magana da yawa ban tambaye ki komai ba. Yau lokacin naki ne, minti hamsin. In kin so ki yi magana, in kin so mu yi shiru." Muka yi shiru na kusan rabin awa. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Sau uku kalmar haƙuri tana zuwa bakina ina haɗiye ta. Abin da ta faɗa a ranar bai wuce cewa ɗakin ƙannenta akwai hayaniya ba.

A zama na gaba ta tambaye ni: "To ke Malama me kika gani? In ya dawo in koma?" Na gaya mata gaskiya, cewa ina da ra'ayi, amma ina tsoron in na faɗa za ta ce "to" kamar yadda take ce wa kowa, ni kuma nata nake so in ji. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko. Makinta a ranar, 16 ga Maris, 16 ne. Amsar tambaya ta tara ta sauko. Da wa'adin likita ya cika, ya yarda a ƙara mata lokaci zuwa bayan Sallah.

## Ranar 30 ga Maris, cikin azumi

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, muka mayar da zaman safiya. A zama na shida tana ba ni labarin ranar da aka sake ta, tana murza gefen tabarma da yatsa, sai ta tsaya. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa: "Malama, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ya miƙo mini takardar nan, daɗi na ji."

Ta rufe fuska da hijabi tana jiran abin da zan ce. Na ce: "Kin ji kamar an sauke miki kaya. Kuma wata biyar ke nan ana yi miki jajen abin da ba shi ke damun ki ba, kina amsawa." Ta ce: "Wace irin mace ce za a sake ta ta ji daɗi? Baba ya zaɓa mini. Mutumin nan bai taɓa zagina ba." Na ce: "Kina ganin wadda kowa ya sani, mai biyayya, ba za ta ji haka ba. Ga shi kuma kin ji."

Sai kuka ya zo, irin wanda ba ta yi ba tun Agusta. A cikin kukan ne sauran ya fito. Ta fara jin motsin cikin kwana kaɗan kafin ya zube. Ta riga ta zaɓa masa suna a ranta. Ta sayi 'yar hula ta saƙa a ɓoye, tana nan a ƙasan akwatinta har ranar. A gidan da miji ba ya hira da ita, cikin nan shi ne abokin hirarta. "Ba wanda ya ce mini Allah ya ji ƙansa. Kamar ba mutum ba ne. Kwana biyar aka ce in tashi in ɗora tukunya."

Rogers ya kira wannan hali sharuɗɗan daraja. Ya ce yaro yakan koyi sharuɗɗan da sai ya cika su ake ganin darajarsa, har ya girma yana ƙaryata duk wani ji da ya saɓa musu. Idan tazara ta yi faɗi tsakanin abin da mutum ke ji da hoton da yake riƙe da shi na kansa, sai damuwa ta samu wurin zama. Sharaɗin wannan yarinya tun tana ƙarama shi ne rashin ƙorafi. Mu kuma mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A makonnin da suka biyo, ita ta riƙa kawo hujjojin addini, ba ni ba. Ta tuno hadisin rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), inda hawaye suka zubo masa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Ta tuno matar Sabit bin Ƙais, wadda ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko hali amma ba za ta iya zama da shi ba, kuma aka raba auren ba a tsine mata ba. Ta san waɗannan tun tana Islamiyya, ta ma karantar da su. Ba ta taɓa jin cewa da ita ma ake ba.

## Zama da mahaifiya: Afrilu 2023

Bayan Sallah, da yardarta, na je gidansu na zauna da mahaifiyarta a rumfar da take suyar ƙuli. Maganar daɗin saki ban taɓo ta ba, domin ba a ba ni izini ba. Na gaya mata maganar ɓarin kawai. Ta daɗe tana juya abin da ke cikin kasko, sannan ta ce: "Ɗiyar fari ce, Malama. In na buɗe baki sai a ce na ɗaure mata gindi ta kashe aurenta. Amma ina jin juyinta da dare. Ni ma biyu na rasa kafin ƙaninta."

Kwana biyu bayan haka, in ji yarinyar, tana zaune a ɗaki mahaifiyar ta ɗaga labule ta ajiye mata kwanon fura. Ba ta kama sunanta ba, ba ta ma dube ta ba. Ta ce: "Allah ya sa mai ceto ne." Ta saki labule ta fita. Ranar 27 ga Afrilu makinta 11.

## Biko da sakamako: Mayu zuwa Oktoba 2023

A Mayu dangin tsohon mijin suka aiko. Tunda idda ta cika, sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Zama biyu muka yi a kan wannan, ban ce mata koma ko kar ki koma ba. Ita ta zaɓi hanyarta: ta je wurin baffanta, ta durƙusa, ta ce ba ta da abin da za ta zargi mutumin da shi, amma ba za ta iya ba shi haƙƙinsa da zuciya ɗaya ba, tana roƙon a yi mata afuwa. Baffan ya isar. Mahaifinta ya yi kusan mako biyu ba ya ce mata komai bayan amsa gaisuwa. Daga baya ya aika wa abokinsa da ban haƙuri. Gwaggo har yau ba ta huce ba.

Gwajin jini na Mayu ya nuna 11.8. A Yuni ta koma ajinta na Islamiyya. Mun rufe zaman mako-mako ranar 13 ga Yuli: maki 6, nauyi kilo 54, barci awa shida zuwa bakwai ba tare da ƙwaya ba. Likita ya ga babu buƙatar tura ta Katsina.

A Agusta, da shekara ta zagayo kan ɓarin, ta sake yin ƙasa. Ranar 24 ga wata makinta 12. Wannan karon ita ta kira ni, ta kuma san dalili. Mun yi zama uku. Ranar 12 ga Oktoba, bayan hidimar Sallar Gani, maki 7.

## Hukuncina

Nasiha da ruƙya da ƙwayar kemis da jadawalina duk a wuri ɗaya suka faɗi: kowa ya riga ya yanke cewa saki ne ciwon. Ba na zargin Gwaggo, domin ƙauna ce ta sa ta zarya, kuma ni da na karanci fannin na yi irin abin da ta yi. Haƙuri gaskiya ne, addini ne. Amma idan aka faɗe shi kafin a ji abin da za a yi haƙurin a kansa, rufe baki yake yi. Yarinya irin wannan, wadda darajarta duk a kan cewa "to" take, ita nasiha ta fi saurin rufe wa baki, domin za ta karɓa da ladabi ta tafi da ciwonta.

Abin da ya yi aiki, a ganina, shi ne ta faɗi mafi munin abin da take zargin kanta da shi a gaban mutum, fuskar mutumin ba ta sauya ba. Da na ce subhanallahi a ranar, ko na yi saurin cewa ai ba komai, ina jin da maganar hular ba ta fito ba.

Sai dai ban yarda da Rogers ba inda ya ce sharuɗɗansa sun wadatar su kaɗai. Mai jini 9.4 za ta ji kasala da rashin kuzari ko wa ke sauraronta, kuma ba zan iya raba abin da ƙwayar ƙarin jini ta yi da abin da zama ya yi ba, tare suka tafi. A nan Maslow ya fi kusa da abin da na gani, shi da ya jera buƙatun mutum a 1943 ya fara da na jiki da na tsaro kafin na ƙauna da daraja: rashin kuɗin Napep ya hana zama biyu. A kan tambaya ta tara kuwa na ajiye ƙa'idar barin mutum ya ja ragama, kuma in aka sake zan sake.

Ana sukar wannan hanya da cewa ta Amurkawa ce, tana koya wa mutum fifita kansa a kan iyaye da dangi. Sukar tana da tushe, kuma na shiga aikin ina jin tsoronta. A wannan lamari dai ba haka ta kasance ba. Da yarinyar ta samu bakinta, ba ta yi wa kowa tsaurin ido ba, ta bi ta wurin baffa kamar yadda aka saba, hujjojinta kuma daga karatunta na Islamiyya ta ɗebo su. Jimla ɗaya ta mahaifiyarta a bakin labule ta yi abin da zamana goma ba su yi ba, ba tare da an karya karar ɗan fari ba. Lamari ɗaya ne, ba zan gina doka a kansa ba.

Giɓin da na bari shi ne mahaifinta. Ban taɓa zama da shi ba, kunya da al'ada suka hana ni neman hakan, kuma har yau bai san da maganar hular ba. A Disamba wani ya fito neman aurenta. Baffan ya ce wannan karon ba za a karɓi sunkuyar da kai a matsayin amsa ba, sai ta faɗa da bakinta. Ta nemi mu zauna kafin ta ba da amsar.